Tambaya da Amsa: A ina zan tara waƙoƙina su riƙa fita ta sitiriyon falo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ƙanina ne da ke aiki a waje ya kawo min amfilifaya ƙirar Yamaha irin mai hawa netwok ɗin nan da sifiku biyu, sauti kam masha Allah. Damuwata waƙoƙin a warwatse suke, ina da faifan CD kusan 400 da nake tarawa tun ina saurayi, wasu na cikin filas wasu a tsohuwar laftof, ga karatun Alƙur'ani da tafsirai. An ce min in sayi saba in zuba su duka in riƙa zaɓa ta waya. Wani ya ce NAS zan saya, wato akwatin ajiyar fayil da ake haɗawa da netwok, wani kuma ya ce akwai saba ta musamman ta miliyoyin naira wai sautinta ya fi daɗi. Dan Allah wanne zan saya? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya saka wa ƙanin nan naka da alheri. Bari in fara da maganar miliyoyin nan don hankalinka ya kwanta. Ita saba ba ta yin sauti. Aikinta ta riƙe fayil, in ka taɓa waƙa a waya ta miƙa shi ta rauta zuwa amfilifaya, shi amfilifayan ne yake da ɗan guntun da ke juya lambobi su koma sauti, wanda ake kira DAC, daga nan sai sifika. To in dai fayil ɗin ya isa cikakke, ko daga na'urar dubu ɗari ya fito ko daga ta miliyan biyar, abu ɗaya ne ya isa. Masu tsadar suna da kyan gini da sauƙin haɗawa, ban hana mai hali saya ba, amma ni kam in kuɗin nan na hannuna sifika zan ƙara wa ko in sa kafet da labule masu kauri a falon, nan ne kunne yake jin bambanci.

Kuma aikin ba shi da nauyi ko kaɗan. Waƙar CD tana tafiya ne a kan megabit 1.4 a daƙiƙa, ko irin manyan fayilolin nan na 24/192 ba su kai megabit 10 ba, alhali kebul ɗin netwok mafi rauni yana ɗaukar 100. Kaga kenan ba wata ƙatuwar kwamfuta ake nema ba.

Kafin ka sayi komai duba yaren da amfilifayanka yake ji. Na Yamaha masu MusicCast suna jin DLNA, wasu na rubuta shi UPnP, haka ma na Denon da Marantz masu HEOS da ƴan akwatunan WiiM. Sonos da Bluesound kuma hanyarsu daban, su folda kake buɗe musu a netwok su shiga su karanta da kansu. Tunda naka Yamaha ne, duk na'urar da za ta iya ɗaukar manhajar DLNA ta wadatar, irin su MinimServer ko MiniDLNA, kuma kyauta ake samun su. Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, wannan duk a cikin gida yake faruwa, ko data ta ƙare a rauta waƙa za ta ci gaba da fita matuƙar rautar na kunne. Sauraron waƙa mai ingancin CD ta intanet kuwa awa ɗaya sai ta cinye maka megabait 300 zuwa 400, ka lissafa a wata ka gani.

Wajen ajiya ma kar wani ya tsorata ka. Faifai ɗaya in ka kwafe shi a tsarin FLAC, wanda yake matse fayil ba tare da ya zubar da komai na sautin ba, yana cin wajen megabait 350. Faifanka 400 ba za su wuce gigabait 150 ba. SSD, wato faifan ajiya mara juyawa, mai terabait 1 zai ɗauke su da tafsiran da na filas ɗin har da ragowar wuri mai yawa.

Yanzu ga inda nake so ka natsu, wuta. Yawancin shawarwarin da za ka gani a intanet mutanen Turai da Amurka ne suka rubuta, wanda bai taɓa ganin an ɗauke wuta sau biyar a wuni ba ba zai kawo wannan a ransa ba. Ita saba ana so ta kwana a kunne ta wuni a kunne. Tsohuwar kwamfutar tebur tana jan wat 60 zuwa 100, a kwana ɗaya kusan yunit 2 kenan, in a kan inbata kake kafin asuba batir ya fara kuka. NAS mai faifai biyu irin na Synology ko QNAP yana jan wat 15 zuwa 20, na'ura ce mai kyau wallahi, in kana so ka haɗa da hotunan iyali da takardu da bidiyon biki to ya cancanci kuɗinsa, sai dai faifan da ke cikinsa masu juyawa ne kuma ba abin da suka tsana irin a yanke musu wuta suna tsakiyar rubutu, dole sai da UPS, ga fanka da ke zuƙar ƙurar hunturu tana cusawa ciki. Raspberry Pi 4 kuwa, ƴar kwamfutar nan da ba ta fi katin ATM girma ba da ta fito a 2019, da SSD a jikinta wat 5 zuwa 7 take ci. Ƙaramin UPS ɗin nan da ake sayarwa don rauta zai riƙe Pi ɗin da rautar na awanni, ka dai tabbatar yana ba da bolt 5 da amfiya 3. Ka saya mata gidan ƙarfe mai shan zafi saboda in ta kai digiri 80 tana rage gudu da kanta, kuma ka san yadda watan Afrilu yake a wajenmu.

Amma fa ka ce kana da tsohuwar laftof. In batirinta na riƙe caji ko na awa ɗaya ne, da ita za ka fara, ba sai ka kashe ko sisi ba. Batirin nan shi ne UPS ɗinta. Ka saita ta kar ta yi barci in an rufe murfin, ka ja mata kebul zuwa rauta, ka sa manhajar, ka yi wata biyu a haka. In ka ga tsarin ya shiga ranka sai ka koma Pi ɗin. Shi ma amfilifayan in da hali kebul za ka ja masa, Cat5e na kai mita 100, don bangon bulo da siminti na cinye wayifai kuma yawancin yankewar waƙa da ake ɗora wa saba daga nan take.

Za ka ji ana ta yabon Roon, wata manhajar tara waƙoƙi da kunna su. Tana da kyau ƙwarai amma biya ake da dala kuma tana son kwamfuta mai ƙarfi, Pi ba za ta ɗauki sabarta ba. In kana son irin wannan tsarin mai hotunan faifai har ka saurara a mota, akwai Plex, akwai Jellyfin da Navidrome na kyauta.

Wahalar gaske ba a sayen na'ura take ba, a rubuta sunaye take. Faifan waje in ka sa shi a Exact Audio Copy ko dBpoweramp nan take za su nemo sunan mawaƙi da na waƙa daga intanet. Namu na kalangu da kukuma da garaya da aka kwafa a kasuwa kuwa yawancinsu ba wanda ya shigar da su can, sai ka buɗe waya ka tarar da waƙa ta ɗaya, waƙa ta ɗaya har guda hamsin ba ka san wacce ce wacce ba. Ka sauke Mp3tag ka zauna ka rubuta da hannunka, kuma ka tsaya a kan rubutu ɗaya, in yau ka sa Alhaji gaban sunan mawaƙi gobe ka sa Alh. jibi ba ka sa komai ba, saba za ta ɗauka mutum uku ne. Karatu da tafsiri ka ware musu foldarsu daban, sunan alaramma a gurbin mawaƙi, lambar sura a gaba kamar 001 zuwa 114, don kar ka sa waƙa ta riƙa zaɓo kanta tsakiyar hira da baƙi ta faɗo kan ayar Allah. Faifai biyar a rana ya isa, cikin wata uku ka gama. In ka gama ka sayi faifan ajiya na biyu ka kwafe komai ka kai gidan ɗan'uwa, ko NAS mai faifai biyu bai isa madadin wannan ba tunda tsawa ɗaya ko wuta mai ƙarfi na iya ƙona su tare.

Tambaya: Malam ina da MP3 da yawa da aka tura min a waya, in na mayar da su FLAC sautin zai gyaru? Daga wata mai karatu a Zinder.

Amsa: A'a Hajiya, ba zai gyaru ba. Shi MP3 tun ranar da aka yi shi aka zubar da wani ɓangare na sautin don ya yi ƙanƙanta, abin da aka zubar kuma ba ya dawowa, fayil ɗin ne kawai zai kumbura ya cinye miki memori. Ki bar su a yadda suke, duk wata saba na karanta MP3. In kina da ainihin faifan ko kaset ɗin, daga shi za a sake kwafa, na kaset ana haɗa rediyon da kwamfuta a naɗa da manhajar Audacity.