Kawuna ya hana ni koyon kalangu daga waya

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ina koyon kalangu a wurin kawuna. Idan zan koyi sabon kiɗa nakan je kasuwa a tura mini tsoffin waƙoƙi a waya, in yi ta saurare har ya zauna mini. Kawu ya ce in bari, wai aku zan zama. Yana da gaskiya? Daga mai koyo, Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Kawunka yana da gaskiya, amma ba duka ba.

Bari in ba ka labarin abin kunyata. Ina saurayi na sami kaset ɗin Alhaji Mamman Shata, na kulle kaina a zaure da wata tsohuwar rakoda. Batir ya yi sanyi, ni ban lura ba. In wuri ya wuce ni sai in zare kaset, in zura biro in mayar da shi baya don kada in ƙarar da batirin. Sati biyu ina haka. Ranar da na je gwadawa a gaban maigidana, ban kai ko'ina ba ya ɗaga hannu. Ya ce, "Wa ya rasu?" Ashe rakodar jan kiɗan take yi, ta sassauta shi, ta saukar da muryarsa, ni kuwa na haddace shi da ciwonsa.

Wayarka ba za ta yi maka wannan ba. Matsalarta daban ce: dare ɗaya kawai ta kama. Shata, wanda ya rasu a 1999, ba rubuta waƙa yake yi ba. Nemi Bakandamiyarsa da aka ɗauka a wurare daban-daban ka ji, ba za ka same su iri ɗaya ba. Makaɗansa bakinsa suke bi, in ya ja su ja, in ya tsaya wa 'yan amshi su cike gurbin. Wanda ya haddace ɗauka guda, ranar da mawaƙi ya karkata sai ya bar shi a tsaye.

Sannan kalangu magana yake yi. Hausa tana da hawa da saukar murya, kuma hammatarka ce take matse tsirkiya fata ta ɗaure sauti ya hau, ka saki ya sauka. Waya za ta jiyar da kai sautin, ba za ta nuna maka yadda gwiwar hannun kawunka take motsi ba. In ba ka san kalmomin da taken, wato kirarin da ake kaɗawa, yake faɗa ba, ko ka kwaikwayi sautin daidai, mahauta suna ji za su san babu kowa a ciki.

Ga yadda nake sa yarana su yi. Ka fara karɓar kiɗan daga hannun kawu, ka iya faɗinsa da baki kafin ka taɓa fata. Ka yi kwana uku kana fama da shi kai kaɗai. Bayan nan ka kunna waya, amma ka nemi ɗauka biyu ko uku, ka lura da inda suka saɓa. Wurin da duk suka haɗu shi ne ƙashin kiɗan, sauran kuwa ado ne na mai kiɗa.

Kuma don Allah ka cire abin kunnen nan in kana gaban kawunka. Ina zargin rabin faɗan daga nan ya taso. Ka gaishe mini da shi.