Amsa ga Anti kan ciwon gwiwar Mama

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Anti, na saurari saƙonki kan gwiwar Mama da ke kumbura, kina tambaya ko a saya mata ƙwayoyin kurkum da man kifi. Allah ya ba ta lafiya.

To, don Allah kafin a sayi komai, a fara sanin wane irin amosanin gaɓɓai ne. Akwai na zaizayewar guringuntsi, wanda shekaru da nauyin jiki ke kawowa. Akwai kuma wanda garkuwar jiki ce ke afka wa gaɓɓai, mutum ya tashi da safe yatsu a sandare fiye da rabin awa, hagu da dama. Wannan na biyun, wallahi Anti, kurkum ba ya hana shi cinye gaɓa. Sai maganin likita, irin su methotrexate. In aka yi jinkiri yatsu suka karkace, ba sa miƙewa.

Man kifi mai omega-3 ga wannan na biyun ya fi amfani, yana rage sandarewar safe, amma sai an yi kamar wata uku ana sha.

Shi kuwa kurkum, sinadarin da ke aikin sunansa kurkumin, kaɗan ne a cikin garin, kuma hanji ba ya tsotsarsa sosai. Shi ya sa ake haɗa ƙwayar da sinadarin masoro. Yana rage zogi ga wasu masu ciwon gwiwa, gaskiya ne. Amma fa haɗin nan mai ƙarfi an samu waɗanda ya taɓa musu hanta. In kin ga idonta ya yi rawaya, ko fitsari ya yi duhu, a tsaya nan take a je asibiti.

Ƙwayoyin gulukosamin da kondiroitin da ake ta tallatawa don ciwon gaɓɓai kuwa, a 2006 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a Amurka, mutum sama da 1,500, a jimlace ba su fi ƙwayar da ba magani a cikinta ba. Ni ba zan fara da su ba.

Yauwa, abin da ya fi damuna: Mama tana shan maganin tsinka jini, irin warfarin ko asfirin? Domin kurkum, citta da man kifi duk suna iya ƙara tsinka shi. A kwashe duk abin da take sha a leda a nuna wa likitanta. In ya amince, a gwada ɗaya tak, ba uku a tare ba, don a gane wanne ya yi aiki.

Kuma kada ta daina ɗan tattaki. Kilo ɗaya in ya sauka daga jiki, kamar kilo huɗu ne aka sauke wa gwiwa a kowane taku. Ki turo min hoton magungunan nata in duba a daren nan.