Amsa ga mai cewa Alhaji Aminu Dantata gado ya ci

Assalamu alaikum, 'yan gida. Na saurari saƙon ɗan ƙanena tun bayan la'asar, ina hanya ne shi ya sa ban amsa ba. Kai ɗana, ka ce wai me ya sa kullum nake kawo zancen marigayi Alhaji Aminu Dantata, Allah ya jiƙansa, alhali gado ya ci, ya buɗe ido ya tarar da dukiya. Na ji ka. Amma ni na san ba Dantata ne ya dame ka ba. Maganar shagon Baba na kasuwar Kantin Kwari ce, wanda ya rage mana, kana so a sayar a ba kowa nasa. To bari in amsa maka duka biyun, ka yi haƙuri ka saurara har ƙarshe.

E, gado ya ci, wa ya musa? Mahaifinsa Alhassan, mutumin Bebeji, Ba'agale, an haife shi 1877, ya tashi uba ya rasu, uwa ta tafi ƙasar Gana, wata tsohuwa Tata ta rene shi, daga nan sunan ya fito, ɗan Tata. Ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, har ya gane cewa a ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko ya fi a biyo daji da jakuna wata da watanni. Da jirgin ƙasa ya fara aiki zuwa Kano a 1912 sai kasuwar gyaɗa ta buɗe, ya zama babban mai saya wa kamfanin Turawa. Dalar gyaɗan nan da kuke gani a hoto, da sunansa ake tuna ta. A 1929 da aka buɗe banki a Kano, raƙumi 20 na kuɗin azurfa ya kai ajiya. Duk wannan na uban ne, ban ɗora wa ɗan ba.

To amma ina tambayar ka, a zamanin nan Alhassan kaɗai ne attajiri a Kano? Akwai masu kuɗin goro, masu kuɗin fata, masu kuɗin shanu, gidaje manya. Je ka nemo jikokinsu yanzu. Da yawa gidan ma an yanka shi an sayar ɗaki ɗaki. Su ma ai gado suka ci. Ni abin da nake kallo ke nan.

Alhaji Aminu an haife shi 1931. Yana ɗan shekara 17, a 1948, aka sa shi cikin harkar, kuma ba kujera aka ba shi ba, sayen gyaɗa aka tura shi. Wanda bai taɓa tsayawa gaban sikeli a kasuwar ƙauye ba, ƙura a ido, manomi na cewa an tauye shi, ɗan dako na jiran kuɗinsa, ba zai gane wannan makarantar ba. Daga baya aka ba shi kula da yankin Sakkwato. Uban ya rasu 1955, shi kuma ya karɓi ragamar... a'a, tsaya, na yi tsalle. Ba shi ya fara karɓa ba. Yayansa Ahmadu ne ya riƙe, shi yana mataimakinsa, sai da Ahmadu ya rasu a 1960 sannan nauyin ya sauko kansa, bai ma cika shekara 30 ba. Daga nan har 2025. Ka lissafa, shekara 65 ke nan.

Kuma abin da ake bayar da labari shi ne, da tsohon, wato Alhassan, ya ji jiki ya kira na kusa da shi ya yi musu wasiyya: ku zauna tare, kada kamfanin nan ya watse, ku kula da dangi musamman marasa hali. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai zuciyata ta yi nauyi, domin Babanmu ma ya faɗa mana irin ta. Ina wurin, Yaya Babba yana wurin, mahaifinka Allah ya jiƙansa yana riƙe da hannunsa. Shago 4 ya bari da sito. Ba a yi arba'in ba aka fara ƙus-ƙus. Wannan ya ce matarsa ta ce a raba, wancan ya ce shi mota zai saya ya shiga haya. Ni na roƙa, na ce a ƙiyasta komai, a rubuta rabon kowa yadda shari'a ta yanka, mata su san nasu, maza su san nasu, amma a bar jarin a wuri ɗaya a riƙa raba riba duk shekara bayan an fitar da zakka. Aka ce ina so in danne ne don ni nake riƙe da littafi. Wannan kalmar har yau ba ta bar ni ba. Ni da na bar makaranta na zauna a shagon nan tun ina yaro, ina ɗaukar dila a ka. Aka kira dillali, ya karya farashi, aka sayar da 3 cikin gaggawa har da atamfar da ke sito. Mutanen da Baba yake ba kaya bashi su kai Maraɗi da Damagaram su dawo da kuɗi, shekara da shekaru ba a taɓa rigima ba, duk suka koma wurin wasu, tunda babu mai iya cika musu mota kuma. Wannan amanar ba a saka ta a lissafin gado ba, don ba ta da farashi, ita ce kuma ta fara tafiya. Kuɗin motar hayan ina yake? To, bari in bar wannan, ba tonon silili na zo yi ba, wasu sun riga mu gidan gaskiya.

Ina nake? Yauwa, gyaɗa. Ka san abin da Alhaji Aminu ya tashi a kai, ita kanta gyaɗar, mutuwa ta yi. Farin 1973 ya zo, cutar gyaɗa ta biyo a 1975, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, dala ta ɓace. Da kwanciya ya yi kan abin da ya gada, da tuni an manta da shi. Amma tun kafin nan ya shiga gine-gine, ya yi aiki a makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna da jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ya shiga dillancin motoci, daga baya man fetur. Ya yi kwamishina a gwamnatin Audu Baƙo daga 1968 zuwa 1973. Bankin Jaiz ɗin nan marar kuɗin ruwa da wasunku ke ajiya a ciki, yana cikin waɗanda suka tsaya aka kafa shi. Shi Aliko Dangote da kuke ta turo hotonsa a nan, ai mahaifiyarsa Hajiya Mariya 'yar Alhaji Sanusi Dantata ce, yayan Alhaji Aminu. Gida ɗaya ne.

Sai maganar kyauta, wadda kai ka ce ai mai kuɗi ko ya bayar ba ya ji. Ɗana, kada ka sake faɗin haka. Masu kuɗi nawa ka sani da ko ƙofarsu ba a iya tunkara? Ni misalin da ba na gajiya da shi shi ne cibiyar wankin ƙoda da ya gina a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma bai sa sunansa ba, sunan mahaifinsa ya sa. Ku yara ba ku san ciwon ƙoda ba, Allah ya sa kada ku sani. Na yi jinyar maƙwabcina. Mutum ƙodarsa ta daina tace jini, sai an haɗa shi da na'ura sau 2 ko 3 a mako, ya kwanta awanni, in an tsallake ƙafa ta kumbura, numfashi ya gagara. Ciwon da yake cinye gona da gida ne. A ce na'urar tana cikin garinku, ka hau adaidaita sahu ka je ka dawo ka kwana a ɗakinka, wanda bai yi jinya ba ba zai san girman wannan ba. Na zauna a bencin wurin nan na ji tsofaffi daga ƙauyuka suna yi masa addu'a, ba su taɓa ganin fuskarsa ba.

Ga jami'ar Al-Qalam ta Katsina, shi ne uban jami'ar na farko. Ga ambaliyar Maiduguri a Satumbar 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle, yana da shekara 93 ya tashi ya je da kansa ya ba da naira biliyan 1 da rabi. Wannan wanda aka sanar ke nan. Na Koki kuwa, unguwarsa a Kano, masu zuwa gida da takardar asibiti da kuɗin makaranta da gyaran masallaci, sai dai mutanen unguwa su ba ka labari. Ban ce mala'ika ba ne, ɗan Adam ne, ɗan kasuwa ne kuma, dole akwai wanda ya taɓa jin ba daɗi a mu'amala. Allah ya yafe masa.

Abin da ya taɓa ni, a ƙarshen rayuwarsa ya fito ya ce shi duniya ta daina yi masa daɗi, abokan tashinsa duk sun tafi. Ya rasu ranar 28 ga Yuni 2025 a Abu Dhabi yana da shekara 94, aka yi masa salatul ga'ib a Kano, aka kai shi Madina aka binne shi a Baƙi'a kamar yadda ya yi buri. Allah ya haskaka kabarinsa, ya jiƙan Babanmu da mahaifinka.

To kai ɗana, haƙƙinka haƙƙinka ne, rabon mahaifinka a shagon nan babu mai taɓa maka ko kwabo, in ka dage a fitar maka za a fitar. Amma kafin ka kira dillali ka zo ka zauna da ni a shagon wata 3 kawai, ka riƙe littafin da hannunka, ka ga abin da yake shiga da abin da yake fita, ka ga su wa suke cin abinci a jikinsa, har da gwaggonka da marayun gidan Yaya. Ranar Asabar bayan azahar ina can. Ka taho da ƙannenka mata, su ma da rabonsu a ciki, a yi maganar a gabansu. Wassalam.