Kar ka shiga sabis mod tukuna, takardar ce ke karkacewa

To yarona, na ga saƙonka. Ka ce injin fotokwafi Ricoh ɗin ofishin nan na wajen Terminus kwafi na fita a karkace, rubutu ya kwanta gefe guda, kana tambaya ko ka shiga sabis mod, wato wajen setin masu gyara na cikin injin, ka juya lambobi. Don Allah kar ka taɓa tukuna.

Fara ɗauko rula ka auna farin gefen hagu daga sama, ka sake aunawa a ƙasa. In awon ɗaya ne, kawai dai rubutun ya matsa gefe gaba ɗaya, to wannan na setin ne, a sabis mod na Ricoh lambar SP1-002 ke gyara shi, SP1-001 kuma na bakin takarda na gaba ne. Amma in sama daban ƙasa daban, to takardar ce ta shiga a karkace, kuma wallahi ko kwana za ka yi kana danna lamba ba za ta miƙe ba, sai dai ka ɓata setin da yake lafiyarsa ƙalau ka ƙara wa kanka aiki.

Sannan ka gano daga ina abin yake. Sa injin ya buga tes fej nasa na ciki ba tare da ka ɗora komai a gilashi ba. In ya fito daidai, to ka bar hanyar takarda ka koma kan fidar sama mai jan orijina, ita ce mai laifin. In ya karkace, buga daga tire na ɗaya, na biyu, da baifas, wato tiren gefe. Tire guda ne ke yi? Matsalar na cikinsa. Duka ne? To sai rolar rajistireshan.

Shi tire sau da yawa abin kunya ne ma a karɓi kuɗi a kai, ƴan ofis su zuba A4 su bar gaid ɗin gefe a sake, ko su cika shi ya wuce layin da aka zana. Matso gaid ya taɓa takarda amma kar ya matse ta. Daga nan ciro rolar ɗauka da ta turawa da ta rabawa ka shafa da yatsa, roba mai rai tana ɗan kama yatsa, wadda ta mutu za ka ji ta sumul tana ƙyalli, wani lokaci gefe ɗaya ya fi cinyewa, kamar mota ce mai taya ɗaya sudadde dole ta riƙa ja gefe. Goge da tsumma mai ɗan ruwa. Ban da fetur, ban da tina na fenti, na san wasu na yi kuma rolar takan kama na kwana biyu, bayan nan robar ta kumbura ta lalace, ni ban yarda da wannan a shagona ba.

Rajistireshan kuwa ina so ka fahimce shi sosai don nan ne aikin yake. Takarda na zuwa ta tarar da rolar a tsaye, bakinta ya daki tsakanin rololin biyu, ta baya na ci gaba da turowa har ta ɗan yi doro, wannan doron shi ke daidaita bakin, sai kuloci ya kama ta wuce wajen diram mai ɗora mata rubutu. To in sifirin na gefe ɗaya ya fita ko ya saki, ko bushin da bakin rolar ke juyawa a ciki ya ci, ko garin takarda ya daskare a jiki, gefe ɗaya zai riƙe ɗaya ya sulale. Haska tocila ka duba ƙarshen biyu, ka duba ko guntun takarda ya maƙale wajen sensa, ka tabbatar ƙofar gefe na rufuwa ƙam ta ɓangarorin biyu.

Kuma kar ka manta Jos muke, damina ce, takardar da ta kwana a buɗe ta sha sanyi ta lanƙwashe. Sa su fasa sabon rim a gabanka ka gwada da shi kafin ka kwance ko da noti ɗaya.

Turo min hoton tes fej na kowane tire kafin la'asar. In bushin ne akwai mataccen inji irinsa a bayan shago, sai ka zo ka cire.