Kala, Tsaki da Rabon Kwaɗo

Cikin wasiƙun da suka iso mini kwanan nan, uku sun haɗu a kan abin da ban taɓa zaton zai shigo wannan fili ba, wato ƙwallon nan ta Amurkawa da ake runguma a ruga ana bangazar juna. Ta farko daga wani ɗalibi ce da ke karatu a jihar Ohayo.

"Malam, barka da war haka. Tun zuwana ƙasar nan na kamu da kallon wasan nan nasu. Akwai samarin da kan gama jami'a, a yi zaɓen sababbin 'yan wasa na shekara ba a kira sunansu ba, sai daga baya wata ƙungiya ta ɗauke su gwaji. Na so in yi wa ƙanena bayaninsu a waya, na rasa abin da zan kira su da Hausa. Na ce 'ragowa', sai na ji kamar na zage su. Mene ne daidai?"

Ɗana, kunnenka bai yaudare ka ba. Amma kafin mu je ga kalma, bari in shimfiɗa wa waɗanda ba su san wasan ba tabarma. Babbar gasar ƙwararru ta Amurka, NFL, ƙungiyoyi 32 ne a cikinta. Duk ƙarshen watan Afrilu sukan ɗauki kwana uku suna rabon samarin da suka fito daga jami'o'i, zagaye bakwai, kuma ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓa. A 2024 sunaye 257 aka kira, alhali masu buga wasan da ke gama jami'a duk shekara dubbai ne. Da an kira suna na ƙarshe ranar Asabar sai wayoyi su ɗau ruri, ƙungiyoyi na rige-rigen kama waɗanda zaɓe ya tsallake. Su kake nufi.

Ragowa ba ta dace ba, domin ragowa abin da aka ci aka ƙoshi aka bari ne, da shatin hannun wani a ciki. "Saura" ba zagi a cikinta, sai dai lami ce, ba ta faɗi komai ba. Na ɗan tsaya a kan "tsintuwa", sai na ga ita ma ta kauce. Tsintuwa abin da ka yi kiciɓis da shi ne ba ka fita nema ba, su kuwa yaran nan ƙungiyoyi sun san su sarai, an yi watanni ana kallon bidiyon wasanninsu, an san tsawon kowa da gudunsa.

Kalmar da zuciyata ta kwanta da ita daga gona ta fito, ita ce kala. In an gama cirar gyaɗa, mai gona ya kwashe nasa, mata da yara sukan shiga da 'yan ƙorai su bi kunya-kunya suna tonon wadda ta maƙale a ƙasa. Duk wanda ya taɓa yi ya san gyaɗar kala ba ruɓaɓɓiya ba ce. Saiwa ɗaya suka fito da wadda ke cikin buhu, fartanya ce kawai ta tsallake ta. Ya kuma san kala da hanzari ake yi, don ba kai kaɗai ka shigo gonar ba. To ka ce wa ƙanenka 'yan kala ne. Ka ja wasulan biyu, kaalaa, kada ya ɗauka kala ce ta launi wadda muka aro daga Turanci. Game da kasancewarsu a shekarar farko, "sabon shiga" ta wadatar. Matasa sukan ce "sabon yankan rake", amma wannan da 'yar zolaya a ciki, ba na sa ta a labari.

Abu ɗaya kwatancen nawa bai ɗauka ba: gyaɗa ba ta zaɓen ƙorya, shi kuwa ɗan kala shi ke zaɓen inda za shi. Wanda aka kira a zagaye na bakwai dole ya je inda aka kira shi, ko da akwai mutum biyar a gabansa a gurbin da yake bugawa. Wanda ba a kira ba yana iya duba inda ƙofa ta fi faɗi. Tony Romo na jami'ar Eastern Illinois, da zaɓen 2003 ya tsallake shi, ya bar tayin ƙungiyar Denver da ya fi tsoka ya karɓi dala 10,000 ta Dallas Cowboys. Ya yi zaman benci har cikin 2006, daga nan ya zama mai jefa ƙwallo kuma jagoran harin ƙungiyar na kusan shekara goma. Irin wannan ne Bahaushe ke cewa wani hanin ga Allah baiwa ne.

Wasiƙa ta biyu daga wani mai fassara labarin wasanni ce a wani gidan rediyo a Kaduna.

"Allah ya gafarta Malam. In zan ba da labarin ranar da ƙungiyoyin nan ke rage 'yan wasa kafin a shiga kaka, 'kora' zan ce ko 'sallama'? Sannan 'tankaɗe da rairaya' da muke yawan faɗi, kalma ɗaya ce aka maimaita ko da bambanci?"

Amin, ɗan'uwa. Sallama za ka ce. Kora da laifi take tafiya, ko da wulaƙanci. Sallama rabuwa ce da aka yi fuska da fuska, kuma haka suke yi: wani ma'aikaci ya zo ya ce wa yaro koci na nemansa, ya taho da littafin dabarun wasa. Duk wanda aka ce ya taho da littafin ya riga ya san an gama.

Tambayarka ta biyu ita ta fi mini daɗi, don 'yan jarida sun maƙale kalmomin nan biyu har sun zama kamar tagwaye, alhali a tsakar gida aiki biyu ne. Rairaya ita ce kaɗa hatsi a hankali don a raba tsaba da tsakuwa da yashi. Tankaɗe kuwa bayan daka ne ko niƙa, a raba gari da tsaki. Gabaninsu akwai sheƙa, inda iska ke ɗebe ƙaiƙayi, da surfe, inda ake fid da dusa. Matan da suka bar mana kalmomin nan ba su taɓa haɗa ƙaiƙayi da tsaki a kwando ɗaya ba, kai ma kada ka haɗa.

Ga dalili. Kowace ƙungiya tana shiga sansanin atisaye da mutum 90. A ƙarshen Agusta, bayan wasannin share fage, dole ta sauko zuwa 53. Mutum 37 ke nan a kowace ƙungiya, 1,184 a gasar baki ɗaya, cikin 'yan kwanaki. To amma ba duka iska ke ɗauka ba. Sabon shigan da aka sallama ana baza sunansa ga sauran ƙungiyoyi na kamar kwana guda, wadda ke so ta ɗauka. In ba wadda ta taya, ƙungiyarsa na iya mayar da shi rukunin 'yan atisaye, mai gurbi 16, da ƙarin ɗaya da aka ware wa ɗan wasan da ya zo daga wata ƙasa. Waɗannan su ne tsaki. Ba su zama gari ba, ba a kuma zubar da su ba, turmi ake mayar da su. Suna atisaye da manya, suna kwaikwayon salon abokan karawar mako, in wani ya ji rauni a ɗauko ɗaya. A 2024 sabon shigan da ya samu gurbi cikin 53 ɗin nan mafi ƙarancin albashinsa dala 795,000 ne a shekara, ɗan atisaye kuwa dala 12,500 a mako, kuma ana iya sallamarsa ko wace Talata. Efe Obada, haifaffen Najeriya da ya girma a Landan, bai buga wasan a jami'a ba, ya sha zaman tsaki tun daga Dallas a 2015 kafin ya shiga 53 na Carolina Panthers a 2018.

Tun da ka taɓo wurin, ga wata kalma da za ta yi maka amfani a labarin: gata. Gata ba ƙwarewa ba ce, samun wanda ya tsaya maka ne. A wannan wasa gata kuɗi ne da aka riga aka lamunce. Wanda aka ɗauka a zagayen farko kwantiraginsa na shekara huɗu ne, kusan duk kuɗin sai an biya shi ko ya yi abin kirki ko bai yi ba, ga kuma sunan shugaban da ya zaɓo shi a rataye a wuyansa. Sallamarsa asara ce da jin kunya, don haka ana yi masa uzuri. Ɗan kala kwantiraginsa na shekara uku ne, abin da aka lamunce masa kaɗan ne, ba kuma wanda zai ji kunya in ya tafi. Shi ya sa mafi yawansu ta ƙaramar ƙofa suke shiga, wato rukunin da ke rugawa a tare mai dawo da ƙwallo in an buga ta da ƙafa, aikin karo da manyan taurari ba sa so. James Harrison sau huɗu aka sallame shi, uku a Pittsburgh ɗaya a Baltimore, ta wannan ƙofa ya samu ya zauna, kafin a zaɓe shi gwarzon masu tsaron baya na gasar a 2008.

Ta uku daga wata Hajiya ce 'yar Kumasi mazauniyar Bironks a birnin Niyok.

"Malam, ɗanmu yana buga wasan nan a sakandare, bai kai sa'o'insa jiki ba. Maigida ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, ya haƙura ya riƙi boko. Ni kuma na ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ka raba mana gardama, wane karin magana ne gaskiya?"

Hajiya, Allah ya raya shi. Karin magana ba alƙali ba ne, shaida ne, kowa kuma nasa yake kira. Na Alhaji magana ce a kan alama, cewa abin da zai zo yana aiko da ɗan saƙo. Zaɓen Afrilu kacokan a kansa aka gina shi, kuma gaskiya ita ce ya fi cin daidai a kan kuskure. Naki kuwa mutane da yawa suna ɗauka yana nufin "a jira a gani" kawai, alhali ya fi haka zurfi. Muddin da miya, kowa maci ne. Sai ta ƙare, tuwo ya zama gaya, sannan a ga wanda don tuwon ya zauna. Magana ce a kan wanda ya ci gaba bayan daɗi ya janye.

In kina neman wanda ya ci gaya, Kurt Warner ne. Zaɓen 1994 ya tsallake shi, Green Bay ta ɗauke shi gwaji ta sallame shi kafin kaka. Ya koma garin Cedar Falls a jihar Ayowa yana jera kaya a kanti da dare, dala biyar da rabi a awa. Ya buga ƙaramar gasar da ake yi cikin ɗaki, ya je Amsterdam a 1998, ya dawo St. Louis Rams a matsayin ɗan jiran ko-ta-kwana. A Agustan 1999 Trent Green, wanda aka tanada don ya ja ƙungiyar, ya ji mummunan rauni a gwiwa a wasan share fage. Faɗuwar wani tashin wani: a wannan kaka Warner ya zama gwarzon gasar, ya kuma ci kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe da ke fid da zakaran gasar, a Janairun 2000.

Na san me za ki ce, rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Haka ne, kwaɗo ba ya hawa bishiya, don haka abin da aka rubuta nasa ne sai ya sauko ya same shi. Sai dai kada ki kai wa Alhaji labarin Warner a matsayin hujjar da ta kashe baki, domin zai tambaye ki sauran da aka sallama tare da shi a 1994, ni da ke ba mu san sunan ko ɗaya ba. Wannan ita ce ɗabi'ar karin maganar ƙarfafa zuciya, wanda ya tsira take ba da labari. Cikin 'yan kala da ƙungiya kan tara a sansani, waɗanda ke kaiwa ga 53 ɗin nan ba su cika wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, wata shekarar ma ba ko ɗaya. A wannan gefen Alhaji bai yi ƙarya ba, kuma ƙa'idar gasar ma tana bayansa, tunda ba a shiga zaɓen sai an yi shekara uku da gama sakandare, hanyar kuwa ta jami'a take bi.

Akwai karin magana na uku da ku duka biyu ba ku kawo ba, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ki lura ba haki ake yi wa magana ba, mai ido ake gargaɗi. Karin maganar masu zaɓe ne da abokan karawa, ba na yaro ba. Malcolm Butler ya taɓa aiki a gidan sayar da soyayyar kaza, ya fito daga ƙaramar jami'ar West Alabama, a 2014 ko kwantiragi New England Patriots ba ta fara ba shi ba, gwaji ta kira shi. Ranar 1 ga Fabrairun 2015, a wasan ƙarshe na Super Bowl, abokiyar karawarsu Seattle na yadi ɗaya da layin ci, saura daƙiƙa ashirin da 'yan kai, mai jefa ƙwallon Seattle, Russell Wilson, ya jefa ƙwallo ta gefen da sabon shigan yake. Butler ya sha gaban wanda aka jefa wa ya cafe, aka tashi New England na da 28, Seattle 24. Kwanaki kaɗan kafin wasan, 'yan atisayen ƙungiyarsa sun gwada masa irin wannan jifa daidai, suka wuce shi, har koci Bill Belichick ya ja masa kunne a kai.