Amsar Gwaggo Kan Zaman Jego

'Yata,

Saƙonki ya iso ni. Kin ce cikinki ya shiga wata takwas, maigidanki yana so ki yi jego a ɗakinki a Sharaɗa, mahaifiyarki kuma ta riga ta sa an share ɗakin da ke kusa da nata a Yakasai, sannan malamar awo ta hana ki kunun kanwa saboda jininki ya ɗan hau. Kina tambaya mene ne dole a cikin al'adar jego, mene ne kuma za a iya bari ba tare da an saɓa wa iyaye ba. Zan amsa miki a matsayin wadda aka yi wa wankan jego sau bakwai, wadda kuma ta yi shekaru masu yawa tana aiki a ɗakin haihuwa.

Iyayenmu suna cewa jikin mai jego ɗanye ne, kuma sanyi ne babban abin da ake jiye masa. Shi ya sa tun kafin haihuwa miji yake sauke itace, da asuba a tafasa ruwa a garwa, tsohuwa ta tsoma ganyen darbejiya ko na runhu tana fyaɗa wa mace a jiki, safe da yamma har kwana 40, mai haihuwar fari ma akan ƙara mata. Ga kunun kanwa mai zafi, ga yajin jego na citta da kanumfari da masoro da kimba, ga naman ƙauri da ake dafawa kafin suna. Maganarsu ta ɗanyen jiki gaskiya ce, domin wurin da mabiyiya ta rabu da mahaifa rauni ne wanda ido ba ya gani, daga nan jinin biƙi yake fitowa, kuma mahaifa takan ɗauki kusan mako 6 kafin ta koma girmanta na da. Mako 6 kwana 42 ke nan, kin ga lissafin asibiti da na kakanninmu bai yi nisa da juna ba.

Inda nake rabuwa da tsofaffi shi ne wajen tsananin zafi da kuma kanwa. Ruwa mai ɗumi wanda jiki zai iya ɗauka yana sassauta ciwon baya da na ƙugu, yana sa barci, kuma ba ni da ja a kansa. Amma ruwan da ake sauke shi yana tafarfasa a watsa wa mace, a ce ta daure don kada a kira ta raguwa, na ga matan da ya saɓule wa fata, na ga waɗanda jiri ya kayar a makewayi. Idan an yi miki ƙari an ɗinke, ko haihuwar ta zo da tiyata, kada ki yarda a fyaɗa ganye ko a danna tsumma mai zafi a kan ɗinkin. A wanke shi da ruwa mai tsabta, a bar shi ya bushe.

Ita kuwa kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, tana ƙara hawan jini. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan masu jego da ake kawowa da kumburi da haki saboda zuciyarsu ta gaza, suka danganta hakan da shan kanwa da wankan zafi da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Binciken da aka yi daga baya a nan Kano, a Asibitin Malam Aminu Kano, ya nuna cewa ciwon yana kama har waɗanda ba su bi wannan al'ada ba, kuma rashin abinci mai gina jiki yana da hannu a ciki. Duk da haka, macen da jininta ya riga ya hau ba ta da dalilin ƙara wa zuciyarta nauyi. Ki sha kunun gyaɗa ko na tsamiya, ki ci ƙaurinki da hanta da wake da zogale domin mayar da jinin da kika zubar, ki ci gaba da shan maganin ƙarin jini. Abin da ke kawo ruwan nono shi ne yawan sa yaro a mama tun daga dakashin farko, wanda bai kamata a matse a zubar ba. Maganar kanwa ki bar mini, ni zan yi wa mahaifiyarki bayani.

Akwai alamomin da ba a kai su wurin mai magani a Kasuwar Kurmi, ba a kuma jira gari ya waye. Jinin da yake jiƙa ƙunzugu cikin sa'a guda ko yake fita da manyan gudaji, zazzaɓi tare da wari, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya gagara idan an kwanta, kowanne daga cikinsu na asibiti ne a take. Mutane suna zaton jijjiga ta mai ciki ce kaɗai, alhali tana kama mace bayan ta sauka. Saboda haka a auna jininki a makon farko, ko da tsofaffi sun ce mai jego ba ta fita.

Yanzu bari in faɗa miki abin da ba a cika faɗa ba. Lokacin da na haifi yayanku, a daren kwana na huɗu na zauna a bakin gado ina kuka, ban san dalili ba. Gida cike yake da 'yan barka, ana ta shirin suna, kowa yana tambayar lafiyar jariri, ni kuma kunyar ɗan fari ta hana ni ko ɗaukarsa in kalle shi sosai a gaban mutane. Kakarku, Allah Ya jiƙanta, ta shigo ta gan ni. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta ce na yi wa Allah butulci ba. Ta ɗauki yaron ta goya shi, ta tura ƙofa, ta ce wa baƙi mai jego tana barci. Na yi barcin kuwa, kuma bayan 'yan kwanaki abin ya wuce. Irin wannan kuka yana samun mata da yawa a kwanakin farko, saboda sinadaran da suka riƙe ciki suna sauka gaba ɗaya, ga rashin barci, ga ciwo, kuma yakan tafi da kansa cikin mako biyu.

Idan ya zarce mako biyu, mace ta daina jin daɗin komai, abinci ya fita daga ranta, barci ya ƙi zuwa ko da yaro yana barci, tana ganin ita ba uwar kirki ba ce, to wannan ciwon damuwa ne, kuma yana samun fiye da mace ɗaya cikin goma. Akwai kuma wanda ya fi tsanani, ko da yake bai cika faruwa ba, inda mace take rikicewa tana surutai ko tana jin muryoyi. A unguwanninmu nan da nan sai a ce iska ce ko sammu, a rufe ta a ɗaki saboda gudun a ce an kai ta asibitin masu taɓin hankali na Dawanau. A yi addu'a, amma a kai ta ga likita a ranar, kuma kada a bar ta ita kaɗai da jariri, domin ciwo ne mai magani. Kada ki ɗauki ƙuncin zuciya a matsayin raunin imani. Nana Maryam da kanta, da naƙuda ta tsananta a gindin dabino, ta yi fatan da ma ta mutu kafin wannan rana, kuma amsar da ta samu ita ce kada ta yi baƙin ciki, ta ci, ta sha, ta kwantar da hankalinta.

Game da salla, mata da yawa suna zaton sai an yi arba'in ake komawa, wannan kuwa kuskure ne. Duk ranar da jini ya ɗauke, ko da kafin suna ne, za ki yi wanka ki yi salla. Idan ya ci gaba, iyakarsa a mazhabar Malikiyya da muke bi kwana 60 ne.

Saura maganar wurin zama. A ganina abin da ya fi kowane ganye da yaji amfani a cikin al'adarmu shi ne an ɗauke wa mace girki da wanki da ɗaukar kaya, an kuma ajiye mata babbar mace a kusa wadda za ta karɓi yaro da dare, ta lura da fuskarta da rana. Idan maigidanki zai iya samar da wannan a Sharaɗa, to babu laifi ki zauna a ɗakinki, amma yarinyar aiki ko ƙanwar miji 'yar makaranta ba za ta tsaya a wannan matsayi ba. Tunda haihuwar fari ce, ga kuma batun jininki, ni na fi son ki zo Yakasai, shi kuma a bar masa ƙofa a buɗe ya riƙa zuwa yana zama da ke da ɗansa, ba gaisuwar zaure kawai ba. Ki gaya masa ya same ni ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya kuma taho da katin awonki in ga abin da aka rubuta.

Allah Ya sauke ki lafiya.

Gwaggonki.