Amsar Baffa kan al'adar buga misali

Ɗana,

Bayan gaisuwa, saƙonka ya iso. Ka ce ka lura mu manya in an tambaye mu abu ba ma amsawa kai tsaye, sai mu ce "ka ga, kamar kaza ne". Ka ce kuma wani malaminku na jami'a ya taɓa cewa misali ba hujja ba ne, mafaka ce ta wanda hujja ta ƙare masa. To ga shi za ka fara koyar da kimiyya a sakandare, kana tambaya ko ka riƙe wannan al'ada ko ka yar da ita.

Farkon maganar malaminku daidai ne, misali ba hujja ba ne. Ƙarshenta ne ban yarda da shi ba. Ba wanda yake fahimtar sabon abu sai ya jingina shi da wani abu da ya riga ya sani, ko yaro ne ko farfesa. Kuma wannan ba al'adar tsofaffi ba ce kaɗai. Kai da ka yi karatun allo ka san Alƙur'ani ya buga misali da sauro, ya buga da gidan gizo-gizo. Abin da ya kamata ka tambaya shi ne: in an kwatanta abu biyu, mene ne ake ɗauka daga ɗaya a kai wa ɗayan?

A nan ban ga waɗanda suka tsara maganar kamar malaman usulul fiƙihu ba. Tun zamanin Imamu Shafi'i, wanda ya rasu a shekara ta 204 bayan Hijira, suke tace ƙa'idojin ƙiyasi, wato auna sabon abu da wanda aka riga aka san hukuncinsa, har suka tsaya kan rukunai huɗu: asali, reshe, hukunci, da illa. Giya ce asali, hukuncinta haramci. In aka zo da wani sabon abu, wato reshe, ba a tambayar ko launinsa irin na giya ne, ko shi ma ruwa ne. Ana tambayar illa, wato dalilin da hukuncin ya rataya a kai, wanda shi ne gusar da hankali. In illar tana nan, hukunci ya biyo ta, ko da abin ƙwaya ne ko hayaƙi. In babu ita, to kama da wane ba ta wane. Suna ma da suna na musamman ga kwatancen da aka yi alhali akwai bambancin da ya rushe shi, ƙiyasi ma'al fariƙ, kuma da shi ake kayar da abokin jayayya a muhawara. Duk da wannan taka-tsantsan, Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064 Miladiyya, ya ƙi ƙiyasi gaba ɗaya. Ka ga ke nan malaminku yana da magabata, ba shi ya fara ba.

Yanzu ɗauki wannan ma'auni ka shiga da shi ajinka. Za ka koyar da lantarki, kuma na san za ka ce musu yana gudu a waya kamar ruwa a bututu. Ka faɗa, misali ne mai kyau. Matsin ruwa ya tsaya a madadin ƙarfin da ke tura lantarki, yawan ruwan da ke wucewa ya tsaya a madadin yawan lantarkin, ƙuntataccen bututu kuma ya nuna abin da ke tauye gudunsa. Alaƙar waɗannan ukun ita ce illarka, kuma da ita yaro zai kama dokar Ohm, wato ƙa'idar da ta haɗa ukun nan, kafin ya ga lissafinta. Amma fa in ka yi shiru a nan, akwai wanda zai tashi da tunanin cewa in an yanke waya lantarki zai tsiyaye ƙasa, alhali tsayawa yake yi cak saboda zagayen ya katse. Wani kuma zai ɗauka ƙwayoyin lantarkin suna tsere ne daga tashar wuta zuwa ƙwan fitila. Ba haka ba ne. Tafiyarsu a cikin waya ba ta kai milimita ɗaya a daƙiƙa ba, kuma a wutar gida kai da komo kawai suke yi, sau 50 ko 60 a daƙiƙa gwargwadon ƙasa. Laifin ba na misalin ba ne, na malamin da bai nuna inda ya ƙare ba ne.

Kada ka zaci yara kaɗai wannan ke kayarwa. Manyan masana na ƙarni na 19 sun ce sauti igiya ce da ke buƙatar iska, igiyar teku tana buƙatar ruwa, haske ma igiya ne, saboda haka dole akwai wani abu marar ganuwa da ya cika sararin samaniya wanda haske ke bi. Suka raɗa masa suna, suka rubuta littattafai a kansa. A 1887 Michelson da Morley suka yi gwaji a Amurka don su gano tafiyar duniya a cikinsa, ba su ga komai ba. Sai a 1905 Einstein ya nuna ba a ma buƙatarsa. Da malamin usul yana wurin, da ya tambaye su tun farko: wa ya ce muku illar ɗaya ce?

Haka hoton ƙwayar zarra da ke cikin littafinku, wanda ake zana ta kamar rana da duniyoyi suna zagaya ta. Ya samo asali ne daga binciken Rutherford na 1911, ya kuma taimaka ƙwarai wajen nuna cewa nauyin yana tsakiya, sauran kusan duk fili ne. Amma da zagayen irin na duniyoyi ne da gaske, da ƙwayar ta rufta cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Ka zana musu shi, ka kuma gaya musu haka a ranar, kada ka bari sai sun je jami'a.

Akwai wani abu da ka yi wa manya adalci a kai, ko da yake ba ka tambaya ba. Wani lokaci muna kewayawa da misali ne don mu gyara mutum ba tare da mun kunyata shi a gaban jama'a ba. Wannan hannunka mai sanda ne, ladabi ne, ba koyarwa ba, kuma kada ka kai shi ɗakin gwaji. Can ana so a faɗi abu ƙarara.

Shawarata, duk darasin da ka shirya, ka rubuta misalinka a gefe, a ƙarƙashinsa ka rubuta abin da ya haɗa su da abin da ya raba su. In ka kasa cika na biyun, kai ma ba ka gama fahimtar darasin ba, koma ka sake karantawa. A aji kuma, bayan ka buga misalin, ka ce wa yaran su nemo maka inda ya karye. Za ka ga wanda yake zaune shiru a baya ya ɗaga hannu.

Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka. In ka shirya darasin lantarkin, ka turo mini in gani kafin ka shiga da shi.

Baffanka